Miyar Mama Ba Ta Ƙarewa

Wata ce ta jawo wannan abin kunya, kuma ta san kanta. Ba za a kama suna ba, don uwa ce, ana jin nauyinta. Amma duk matar da za ta tsaya a kan ƙaton saurayi mai gemu tana tambayarsa me yake sha'awar ci yau, ta tsince masa albasa ɗaya bayan ɗaya da bakin cokali, ta fifita masa shayi, sannan ranar da ya samu makaranta a wani gari ta ɗora shi a mota tana hawaye, to wallahi ba ɗalibi ta aika ba, jarabawa ta aika wa 'ya'yan mutane. Mu da aka yi wa irin wannan reno mun san junanmu, ko yadda muke shinshina faranti ya isa ya tona mu.

Auta ke nan, ɗan shekarar farko a sashen kimiyya. Ba ya cin albasa. Ba ya cin tafarnuwa. Ba ya cin kifi, wai kallonsa yake yi. Shinkafa in ta caɓe ba ya ci, in ta yi warawara ya ce tsakuwa aka ba shi. Wake kuwa cewa yake yi shi ba ya cin abincin da zai ci gaba da magana bayan an haɗiye shi. Ranar da ya fara shiga ɗakin cin abincin makaranta, loma ɗaya ya kai, ya ajiye cokali, ya yafito mai zuba abinci.

"Baiwar Allah, wa ya rasu a cikin miyar nan?"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta janye farantin. Bai sake taka wurin ba, ita ma ba ta aika a yi bikonsa ba.

Da me yake rayuwa? Da burodi, da farar shinkafa da yake dafawa yana tsaye a kanta kamar mai jinya, da kuma miyar Mama.

Ga yadda miyar ta samu. Ranar da zai taho, Mama tana cusa masa kaya a jaka tana bayanin kowanne, shi kuwa kansa na cikin waya, sai "to Mama, to Mama" yake yi. Da ya iso ya zazzage jakar, sai ga wata robar bota ruwan ɗorawa, mai nauyi, an ɗaure ta tamau a leda. Zuciyarsa ta yi fari. Bai buɗe ba, don akwai idanu a ɗakin, kuma ya san idon ɗalibi da cokali yake yawo. Ya cire ledar, ya lallaɓa kicin, ya ajiye ta a firji, sama, ɓangaren hagu.

Firjin guda ɗaya ne a duk benen, yana ƙarshen baranda a wani ƙuntataccen kicin, yana gurnani dare da rana, an ɗaure ƙofarsa da robar taya don ba ta rufuwa da kanta. Kuma kowa a irin wannan robar yake ajiye abinci, saboda kantin da ke ƙasa bota iri ɗaya yake sayarwa. In ka buɗe firjin sai ka ga robobi ruwan ɗorawa sun yi sahu. Masu hankali sukan rubuta alama a murfi, danshi ya goge. Da aka ce wa Auta ya rubuta tasa, dariya ya yi.

"Ni? Hancina ne alamata. Ku jera min robobi ɗari, ku ɗaure min ido, in ban ɗauko ta uwata ba ku canja min suna."

Kullum da rana, in baranda ta yi shiru, sai ya je sama hagu ya ɗebi cokali uku ko huɗu, ya ɗumama, ya koma ɗaki ya ja labule, ya ci yana lumshe ido. Mako ya wuce, wata ya wuce, miya ba ta ƙare ba. Wani lokacin ya bar ta a rabi, washegari ya tarar da ita har wuya. Wani zai tsaya ya yi tunani. Auta ɗan kimiyya ne, bayani ya yi.

"Ruwa in ya sha sanyi kumbura yake yi," ya ce wa Likita, abokin ɗakinsa, wani siririn ɗalibin haɗa magunguna mai tabarau. "Ga kuma albarkar hannun uwa. In kimiyya ta haɗu da albarka, ai sai kallo."

"To wace irin miya ce za ta yi wata biyu ba ta lalace ba?"

"Irin wadda ba a yi a gidanku."

"Sam min mana in ɗanɗana."

"Harshenka bai kai ba. Ɓarna za a yi."

Likita ya gyara tabarau, ya dubi ƙafafun Auta da ke kan katifa. "To ka roƙi albarkar ta sauko ƙasa. Kaushin nan naka ya yaga zanen gado na biyu. Jiya da kake juyi na ɗauka ana kankare tukunya ne."

A ɗakin da ke kallon nasu akwai Dogo, ɗalibin injiniya, ƙato, mai sanyin magana, wanda duk bayan 'yan kwanaki yake ɗora tukunya. Girkin Dogo ba ɓoyayye ba ne. Albasa yake yankawa har sai mutanen bene na ƙasa sun yi hawaye, ya daka tafarnuwa, ya ɓare busasshen kifi ya watsa. Da Auta ya ji an fara, sai ya ɗaure hanci da tawul ya fito baranda yana shela.

"Jama'a a rufe tagogi, an fara ƙona gawa! Dogo, don girman Allah, wa ya ɓata maka rai kake ramawa a kan cikinka?"

"Zo ka ɗanɗana, Ɗan Mama."

"Ni? Ko da yunwa za ta kashe ni, a binne ni da mutuncina."

Sai ga shi wata ranar Dogo ya tsaya a tsakiyar baranda da roba a hannu, fuskar nan a murtuke.

"Wani yana shan min miya."

Ƙofofi suka buɗe. Dattijo ya fito yana gyara zaman hularsa. Shi ne babba a benen, magidanci ne da ya dawo karatu bayan ya aurar da 'ya, shi ke raba faɗa, shi ke goge firji.

"Tun yaushe?" in ji Dattijo.

"Tun farkon zango. Na yi shiru ne, na ce ko mai yunwa ne. To yanzu abin ya wuce yunwa, har kifin yake tsincewa ya bar min ƙaya."

Auta ya kwashe da dariya har da dafa bango. "Miyarka? Taka? Wallahi wannan ba ɓarawo ba ne, mara lafiya ne. A nemo shi a kai shi asibiti." Sai dariyar ta tsaya cak, don wani tunani ya faɗo masa. Wanda ya iya shan miyar Dogo, ranar da ya gano ta Mama ai har robar zai cinye. Ya daki ƙirji. "Ku bar min shi. Kafin ƙarshen mako zan kawo muku shi a hannu. Kuma tun yanzu a yanke hukunci, kada a zo ana a yi haƙuri. Duk wanda aka kama, shi zai wanke tukwanen benen nan har ƙarshen zango." Ya tsaya yana laluben azabar da ta fi kowace muni a duniya, ya samo. "Kuma ya cinye ɗanyar albasa guda, babba, a gaban kowa."

"Bai yi tsanani ba?" in ji Dattijo.

"Baba, tausayi ne ya lalata benen nan."

Dabara ta farko gadi ce. Aka raba lokaci, Auta ya zaɓi tsakar rana, ya kafa kujera a gaban firji da muciya a hannu. Gadi aiki ne mai sa yunwa, don haka da ya ga ba kowa, ya miƙa hannu sama hagu ya ɗan taɓa ta Mama. Da yamma Dogo ya buɗe robarsa ya ƙwala kira.

"An sha! A lokacin gadinka aka sha!"

"Ba zai yiwu ba. Ko ƙiftawa ban yi ba."

"To aljani ne?"

"Ban ce ba, ban kuma hana ba. Ɓarawon nan ƙwararre ne. Yanzu na san da wa nake yi."

Dabara ta biyu hanci. Ya jera mutanen bene a baranda, ya ce kowa ya yi masa "haa" a fuska. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya, yana yamutsa fuska. Da ya iso kan Likita ya tsaya.

"Ina jin tafarnuwa."

"Ni ma ina ji," in ji Likita, "amma daga wajenka take busowa."

"Taku ce ta manne min a hanci, marasa imani."

"Azumi nake yi, Auta."

Aka watse ana tsaki.

Dabara ta uku fulawa. Ya ari ta Dattijo, ya barbaɗe ƙasan kicin tas, wai ɓarawo zai bar sawu. Da la'asar aka taru a bakin ƙofa, sai ga sawu kuwa raɗau, ya tafi firji ya dawo, ba takalmi. Likita ya tsuguna ya ƙura masa tabarau.

"Wannan diddigen a tsattsage yake kamar ƙasar fadama da rani. Mutum ɗaya na sani mai irinsa."

"Nawa ne mana," in ji Auta ko a jikinsa. "Na shiga duba tarko. Abin tambaya shi ne, ina nasa sawun? Kun ga wayon? A cikin sawuna ya riƙa takawa."

Dattijo ya dubi fulawarsa a ƙasa, ya dubi Auta, ya yi salati a hankali. Amma ba wanda ya kawo komai a ransa. Wa zai zargi mutumin da ke ɗaure hanci da tawul?

Ranar Asabar Auta ya tara Dogo da Likita da Dattijo a ɗaki, ya rufe ƙofa, ya rage murya.

"Wasa ya ƙare. Likita, kana da maganin wankin ciki?"

"Akwai. Na me?"

"Dogo zai yi sabuwar miya yau da safe, ka zuba masa a ciki. A ajiye a firji kamar kullum. Da la'asar a tara kowa a baranda, a kulle banɗakuna, a kulle ƙofar bene. Mu zauna. Ba tambaya, ba rantsuwa. Cikin ɓarawo ne zai ba da shaida."

Dogo ya sosa ƙeya. "Miyata fa za a lalata."

"Dogo, miyarka a lalace ake haihuwarta."

Likita ya ce cokali ɗaya ya isa. Auta ya ce biyu. Likita ya ce biyu zai sa mutum ya ga kakanninsa. Auta ya ce to a sa uku, su gaisa da kyau. Da aka gama girki Dogo ya leƙo ya ce ya zo ya ga robar da inda za a ajiye ta, Auta ya amsa ta cikin tawul cewa shi idonsa ba ya kallon ƙazanta, su dai su yi aikinsu.

Da rana baranda ta yi tsit, kowa ya shige ɗaki an bar wa ɓarawo fili. Auta ya ga babban aiki na jiransa, alƙali kuma ba ya zama da yunwa. Ya lallaɓa kicin, sama hagu. Yana taɓa robar ya ji ta da ɗumi, ya buɗe ya gan ta cike har baki, mai na kyalli a sama. Ƙwalla ta cika masa ido.

"Allah sarki Mama," ya ce a hankali. "Har firji ya kasa sanyaya ƙaunarki."

Ranar bai tsaya a cokali huɗu ba. Ya ci, ya ƙara, ya suɗe faranti. Can ƙasan harshe ya ji wani ɗan baƙon ɗanɗano, zaƙi-zaƙi, ɗaci-ɗaci. Ya lumshe ido ya jinjina kai. Sirrin Mama ne, sai miya ta kwana biyu yake fitowa. Harshen banza ba zai taɓa kama shi ba.

Da la'asar aka taru. Kowa ya zauna a ƙasa, baya a bango, sahu biyu suna kallon juna. Auta ya sa farar riga, ya kulle banɗakuna da hannunsa, ya ɗaga makullan sama kowa ya gani, sannan ya jefa su a aljihun Dattijo.

"Baba, ko ni na roƙe ka, kada ka bayar. Jama'a, doka ɗaya ce. Wanda ya fara miƙewa tsaye, shi ne. Ba ruwanmu da uzuri. Ko an kira ka a waya, ko ƙafarka ta yi sanyi, ko gobara ta tashi." Ya ajiye wata ƙatuwar albasa a tsakiyar baranda, ya ja kujerar roba guda ɗaya da ke benen, ya hakimce ya ɗora ƙafa kan ƙafa. "Ɓarawo, ina gaishe ka. Ina nan, ba inda za ni."

Wani ya yi tari, Auta ya nuna shi da yatsa ya ce a sa masa ido. Wani ya gyara zama, Auta ya yi murmushi ya ce, "An fara jin saƙo?"

Sai aka ji wata ƙara, doguwa, mai hawa da sauka, kamar ana jan tebur a bene na sama.

"Firji ne," in ji Auta da sauri.

"An ɗauke wuta tun ɗazu," in ji Likita.

Auta ya sauke ƙafar da ya ɗora. Ya mayar. Ya sake saukewa. Wani abu ya juya a cikinsa, ya tsaya, ya sake juyawa ta ɗaya hannun. Tashin hankalin shugabanci ne, ya ce wa kansa, manya duk suna fama da shi. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Ɗan Mama, lafiya?" in ji Dogo. "Ka yi wani iri."

"Takaicin halin ɗan Adam ne."

Ƙarar ta sake tashi, wannan karon da 'yar siririyar murya a ƙarshe kamar tambaya. Duk kawunan baranda suka juyo.

"Jama'a," in ji Auta, muryar ta ɗan sirance, "na yi nazari. Mu fa 'yan uwan juna ne. Mene ne miya? Yau ga ta, gobe babu. Ina ganin a ɗage zaman nan, a ba bawan Allah dama ya tuba tsakaninsa da Ubangijinsa."

"Tausayi ne ya lalata benen nan," in ji Dattijo.

"Baba, wannan maganar jiya ce."

"Ta shekaranjiya ce ma. Zauna."

"Ai a zaune nake. Abin da nake nufi, shi shugaban zama doka ba ta hawa kansa. Ko'ina haka ake yi. Zan ɗan zaga in duba ko makullan sun kama da kyau."

"Sun kama," in ji Dattijo, ya dafa aljihu.

Auta ya damƙe hannun kujera. Ya karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Ya tuno darasin da aka yi musu a kan matsin iska a cikin rufaffen mazubi, ya yi nadamar tunowa. Da abin ya kai inda ya kai, sai basira ta zo masa. Doka cewa ta yi wanda ya miƙe. Ba ta ce wanda ya matsa ba. Ya riƙe kujerar da hannu biyu, ya manna ta a jikinsa, ya fara ja da ita a duƙe, ƙiii, ƙiii, yana bin tsakiyar sahu, ya kewaye albasa, ya nufi wajen Dattijo.

"Ku shaida ban miƙe ba!" yake faɗa. "Kowa ya shaida a zaune nake!"

Baranda ta kece da dariya. Wani ya kwanta a ƙasa yana dukan siminti. Likita ya cire tabarau yana share hawaye. Dogo kaɗai bai yi dariya ba, baki ya buɗe yana kallo kamar wanda aka ce masa kakarsa ce ke satar masa takalmi.

"Baba," Auta ya raɗa, "makulli. Don darajar 'ya'yanka."

"Ka ce ko kai ka roƙa kada in bayar."

"Baba, wancan wani mutum ne. Wannan da ke gabanka yana cikin wani hali."

Dattijo ya ciro makullan, ya ɗaga hannu sama iya tsawonsa. "Ga su. Miƙe ka karɓa."

Auta ya dubi makullan, ya dubi albasa, ya dubi jama'a. Cikinsa ya yanke hukunci ba tare da ya shawarce shi ba. Ya miƙe, kujerar ta biyo shi taku biyu kafin ta sake shi, ya fizge makullan ya arce.

Wani zai ɗauka a nan bakinsa ya mutu. Ta bayan ƙofar banɗaki ya ci gaba da shari'a.

"Maƙarƙashiya ce! Hassada ce! A miyar uwata kuka zuba! Dogo, Allah ya isa tsakanina da kai!"

Da ya fito, a rame, yana bin bango, ya ce a ɗauko robar a gani. Shi da kansa ya ja su zuwa kicin, ya kwance robar taya, ya nuna sama hagu. "Ga ta nan. Wa ya ba ku izinin taɓa ta?"

Dogo ya ɗauko ta, ya juya gindinta sama kaɗan, ya nuna wani tabon ƙuna. "Rishona ne ya lashe ta nan tun bara. Kuma sama hagu wurina ne tun kafin ka san hanyar makarantar nan." Ya sa cokali ya tsamo kan kifi, idon nan fari fat. "Ga wanda kake cewa yana kallonka. Ku gaisa, kun saba."

"Ƙarya ne. Miyar Mama ba albasa."

"Wannan rabinta albasa ce, Ɗan Mama. Narkewa take yi."

"To ina tawa? Na ajiye roba a nan ranar da na zo!"

Dattijo ya ce, "Af." Ya tsuguna yana nishi, ya zura hannu can ƙasa, bayan wani tsohon kabeji, ya jawo wata roba da ƙanƙara ta manne wa murfi. "Washegarin zuwanka na goge firji, na ga baƙuwar roba a wurin Dogo, na sauko da ita. Na yi ta jira mai ita ya yi cigiya."

Auta ya karɓe ta da hannu biyu kamar jariri. "Yanzu za ku ga miya." Ya ɓalle murfin. Abin da ke ciki fari ne, a daskare, sumul, ko cokali bai taɓa shiga ba. Wani ƙamshi ya tashi, irin na ɗakin tsofaffi.

"Miya ce ta daskare," in ji shi. "Mai ne ya taso sama. Kimiyya ce." Ya lakato da yatsa ya kai baki. Fuskarsa ta tattare wuri guda. Ya yi ƙoƙarin haɗiyewa don mutunci, mutunci ya ƙi wucewa ta maƙogwaro.

"Kira Maman," in ji Likita. "Sa a bainar jama'a."

Ya kira, don har lokacin yana da sauran fata. Muryar Mama ta cika kicin.

"Autana! Ɗan albarka, ka ci abinci?"

"Mama, robar nan da kika sa min a jaka, ruwan ɗorawa. Wace miya ce?"

"Miya kuma? Wace miya za ta yi wannan doguwar tafiya ba ta yi tsami ba? Man kaushi ne na haɗa maka. Ba na ce ka riƙa shafawa safe da yamma ba, ka ce min to? Kada dai ka ce min ba ka shafa!"

Duk kicin aka sunkuya ana kallon diddigensa.

"To me kake ci duk kwanakin nan?" in ji Mama. "Na shiga uku, yaron nan ba ya cin abincin kowa."

"Yana ci, Mama," in ji Dogo, ya matso kusa da wayar. "Ina wuni. Maƙwabcinsa ne. Tun farkon zango ni nake ciyar da shi, yau muka sani ni da shi."

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan! Allah ya ba ka mace tagari! Amma don Allah ka riƙa tsince masa albasa, ba ya so. Kifi ma kada ka sa masa."

"Mama, kifin ai shi yake tsince min."

Albasar kuwa ya ci ta, a tsaye a tsakiyar baranda, yana hawaye yana cewa na takaici ne, Likita na gefe yana ba shi ruwa. Tukwane ya wanke su har ƙarshen zango, ya kuma gano cewa ta Dogo ta fi kowacce sauƙin wanki in aka fara bi da burodi. Diddigensa ya yi laushi kamar na jariri. Tawul ɗin hanci ya koma aikinsa na goge jiki. Yanzu da Dogo ya ɗora tukunya za ka ga Auta a bakin kicin da robarsa, shi ke yanka albasar ma, yana kuka yana ba da umarni. In an zuba masa ya kai loma, ya lumshe ido, ya jinjina kai.

"Ba laifi. Gishiri ya ɗan gaza. Ba ta dai kai ta Mama ba."

"Wacce?" in ji Dogo. "Ta ci ko ta shafawa?"

Kai kuma da kake dariya kana cewa ai kai ko a mafarki ba za ka kasa gane girkin uwarka ba, firjin na nan, robobin na nan, maganin Likita bai ƙare ba. In ka isa, zo ka zaɓa.